Kafin ka ƙirga, buɗe ka gani

Ɗalibin nazarin harshe a yau ba ya rabuwa da kwamfuta. Mukan rubuta hirarrakin da muka ɗauko cikin ELAN, mu auna sauti da Praat, sannan mu kai bayanan RStudio domin ƙididdiga. Sai dai na lura da wata ɗabi'a a tsakaninmu: mutum ya kwafo layukan umarni daga wajen abokinsa, ya danna, jadawali ya fito, ya liƙa shi cikin kundinsa, alhali bai taɓa buɗe bayanan ya ga abin da na'urar ta karanta ba. A ganina, wannan sakaci ya fi cutar da mai binciken Hausa fiye da mai binciken Faransanci, domin ba a ƙera waɗannan kayan aiki da Hausa a zuciya ba.

Mu fara da haruffa masu ƙugiya. Idan an adana fayil a tsarin UTF-8, aka buɗe shi a tsarin Windows-1252, ƙ takan koma Æ™. Idan kuwa wani ya buga rubutun ba tare da ƙugiya ba, "ƙasa" da "kasa" sun zama kalma ɗaya, "ƙafa" da "kafa" haka. Mu a Nijar muna rubuta "ƴaƴa", a Najeriya ana rubuta "'ya'ya"; wanda ya haɗa matani daga ƙasashen biyu zai sami kalma guda an ƙirga ta gida biyu. Excel na Faransanci, wanda yawancinmu ke amfani da shi, yakan raba ginshiƙan CSV da alamar ";". Amma umarnin read.csv a R waƙafi yake jira. Masu aiki da Python kuma su sani cewa pandas yana ɗaukar "nan" a matsayin gurbin da babu komai, sai kalmarmu ta nuni ta ɓace daga lissafi. Sau da yawa na'ura ba ta yin gargaɗi a kan waɗannan, sakamako kawai take bayarwa.

Maganin yana kan allon da muke kallo kullum. A RStudio akwai sashen Files mai nuna fayiloli, da sashen Environment mai jera bayanan da aka loda. Danna sunan jadawali sau ɗaya ya isa ya buɗe shi layi-layi. Haka ma fayil ɗin umarnin da aka ba ka: buɗe shi, ka karanta, ka san abin da kowane layi ke cirewa ko sauyawa.

Wani zai ce matanin ya yi yawa, ba ya karantuwa duka. Gaskiya ne, amma duba layukan farko da fitar da jerin haruffan da ke cikin matanin aikin ƴan mintoci ne, kuma a nan yawancin ɓarnar ke bayyana. Gani ya kori ji.

Ina roƙon malamanmu su riƙa neman ganin bayanan kansu tare da jadawalin sakamako. Ranar kare kundi, ɗalibi za a tambaya inda "nan" ta shiga, kuma shi zai amsa.