In ɗan kasuwa ya karye, wa zai biya manomi?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na ƙasar Kelle, kaka ta yi. An sussuke wake, an kakkaɓe riɗi, raguna sun yi ƙiba. Yanzu ne motoci za su fara zirga-zirga tsakanin Gure da ƙauyukan Kutus. Yanzu ne kuma za mu riƙa jin maganar nan da muka saba ji: «Ba ni kayan in kai kasuwa, in na dawo sai in biya ka.»

A kan wannan magana muke so mu tsaya yau, domin ta talauta gidaje da dama.

Mu dubi hanyar da kayanmu ke bi. Mai rago ya kai shi kasuwar Kazowe ko ta Gidigir. Dillali ya haɗa shi da mai saye. Mai saye ya ba da ɗan abin da ya samu, sauran ya ce sai kasuwa ta zagayo. Daga nan a kora bisashe kudu, zuwa Maigatari ko Nguru a Najeriya. Wake da riɗi kuwa sukan kai har kasuwar Dawanau ta Kano. A can ma, sau da yawa, bashi ake ɗauka. Wato kuɗin ragon nan sai sun bi hannu uku ko huɗu kafin su iso ga mai shi. In hannu ɗaya ya karye, duk na bayansa sun shiga uku. Wanda ke can ƙarshe shi ne manomi ko makiyayi.

Ba mu ce ƴan kasuwa ɓarayi ne ba. Mafi yawansu mutanen kirki ne, kuma in babu su, kayanmu sai su ruɓe a rumbu. Amma mutumin kirki ma yakan karye, kuma dattawanmu shaida ne. A watan Afrilu na 1984 Najeriya ta rufe iyakokinta, ta canza takardun naira. Iyaka ba ta buɗe ba sai a 1986. Masu tsofaffin takardu a wannan gefe namu suka wayi gari da kuɗin da ba ya sayen ko allura. A shekarar ce kuma fari ya karya darajar bisashe. An sake rufe iyakar daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sannan daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Tsakanin Yunin 2023 da farkon 2024 naira ta rasa fiye da rabin darajarta. Wanda ya ɗauki raguna bashi da sefa, ya sayar da naira, kafin ya canzo kuɗin jarinsa ya zube. Ko ya so ya biya, ba shi da abin biya.

Manya ma suna faɗuwa. Bankin BDRN, wanda shi ne babban bankin raya ƙasa a Nijar, ya rushe a 1990, saboda basussukan da aka ci ba a biya ba. A ƙasar Italiya, a Disamba 2003, babban kamfanin madara Parmalat ya durƙushe, masu shanun da ke kai masa nono suka zauna jiran kuɗinsu. To, in banki da kamfani suna karyewa, ina ga mai shago ɗaya da mota ta haya?

Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne wannan. Ranar da ka ba da buhunka bashi, kai ne ka zama bankin ɗan kasuwa. Da jarinka yake juyawa. Sai dai banki na gaske yakan nemi jingina, gida ko fili, kafin ya ba da rance, kuma sai an sa hannu a takarda. Kai kuwa me ka riƙe? Gaisuwa da alkawari.

Ranar rabon kayan wanda ya karye ne ake gane bambancin. Nijar tana cikin ƙasashe 17 masu bin dokokin kasuwanci na OHADA. Dokar da ta shafi karyewar ɗan kasuwa an yi ta a 1998, an gyara ta a 2015. Ta jera masu bin bashi layi-layi. Kuɗin shari'a da albashin ma'aikata suna gaba. Masu jingina suna biye. Masu bin bashi da hannu wofi su ne a baya, abin da ya rage shi suke rabawa, kowa gwargwadon abin da yake bi.

Ga misali, mu lissafa tare. A ce ana bin wani Alhaji jaka 2.000. Aka sayar da duk abin da ya mallaka, aka samu jaka 1.000. Shari'a da ma'aikata suka ɗauki 100. Banki mai jinginar gida ya ɗauki 700. Saura 200. Masu bin sauran bashin, jaka 1.200, su ne za su raba wannan 200. Kowa zai samu kashi ɗaya cikin shida. Wanda ya ba da waken jaka 60 zai koma gida da jaka 10. Wannan ma sai in ya kai kukansa cikin wa'adin da doka ta tsara, kuma yana da abin shaida a hannu.

Jaka 50 ɗin da suka salwanta ba lissafin allo ba ne. Su ne hatsin da za a ci a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare. Su ne kuɗin motar da za ta kai mai naƙuda asibitin Gure. Su ne maganin zazzaɓin cizon sauro a watan Agusta. Mata masu man shanu sun fi kowa sanin wannan, don nasu kayan ba ya jira, dole su ba da shi yau, ko da kuɗi ko babu.

Ra'ayinmu shi ne, duk bashin kaya a rubuta shi. Za a ce mana neman takarda rashin yarda ne, kuma abin kunya ne ka nemi sa hannun surukinka ko na maƙwabcinka. Mun ji. Amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka. Ta yi umurni a rubuta shi, a faɗi lokacin biya, a kafa shaidu. Wanda ya nemi a rubuta bai zargi kowa ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma mantuwa da mutuwa ba su yin sallama.

Akwai wani hukunci da ya kamata kowa ya tambayi malaminsa a kai. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a littafin Risala, wanda ya sayar da kaya bashi, mai sayen ya tsiyace, in ya tarar da kayansa suna nan kuma ana gane su, yana da ikon ɗaukar abinsa. In kuwa mutuwa mai sayen ya yi, to ya zama ɗaya da sauran masu bin bashi. Dokar OHADA ma tana da irin wannan ƙofa. Mai kaya yana iya sa sharaɗin cewa kayan nasa ne har sai an gama biya, amma dole sharaɗin ya kasance a rubuce tun kafin a miƙa kayan, ko a ranar miƙawa. Ku lura da maganar gane kaya. Makiyayi yana da alamar wuta ko tsagar kunne a jikin dabbarsa. Manomi fa? Buhun wake duk kama ɗaya ne. Tun da mun koyi rubutu, mu rubuta sunanmu da na ƙauyenmu a jikin kowane buhu.

Wani zai ce, in na ƙi ba da bashi, mai saye zai wuce ƙauyen gaba. Gaskiya ne, in kai kaɗai ne. Mutum ɗaya mai buhu uku ba shi da murya. Ƙungiya mai buhu 200 tana da ita. Tana iya cewa sai an biya rabi kafin a ɗora kaya a mota. Tana iya raba kayanta ga masu saye biyu ko uku, don kada faɗuwar mutum ɗaya ta kwashe noman gari duka.

Abin da ke tura mu ga ba da kaya cikin gaggawa shi ne buƙatar kuɗi da kaka. A nan tsarin warantaji yana taimako. Hukumar abinci ta duniya, FAO, ta fara yaɗa shi a Nijar tun 1999. Ƙungiya ta zuba amfanin gona a sito, a sa kwaɗo biyu. Makulli ɗaya yana hannun ƙungiya, ɗaya yana hannun asusun da ya ba da rance. Bayan wasu watanni, in farashi ya tashi, a biya rance a buɗe sito. Kayan suna gari, idon masu su yana kansu. Akwai kuɗin ruwa a ciki, kuma wata shekara farashi ba ya tashi, saboda haka a yi shawara da malamai da malamin gona kafin a shiga.

In kuma ta riga ta faru, mai bashin ya karye, kada kowa ya bi shi da dare shi kaɗai. Mai ƙarfi ne zai kwashe abin da ya rage, tsohuwa mai tunkiya ɗaya ta tashi a tutar babu. A taru a je gaban mai gari ko sarki, domin doka ta ba sarakuna ikon yin sulhu. A lissafa abin da ake bi da abin da ya rage, a rubuta abin da aka shirya. In sulhu ya gagara, sai kotu.

Muna roƙon malaman yaƙi da jahilci su sa wannan a darasin makon nan. Kowane ɗalibi ya gwada rubuta takardar bashi a littafinsa: sunan mai kaya, sunan mai saye, yawan buhu ko bisashe, kuɗin da aka biya, kuɗin da ya rage, da ranar biya. A faɗi ko da sefa ne ko da naira. A ƙara sharaɗin cewa kayan na mai su ne sai an gama biya. A ƙasa, shaidu biyu su sa hannu, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa. A yi takardar kashi biyu, kowa ya riƙe ɗaya.