FILIN GYARAN GIDA: Kafin Ki Sayi Ƙasar Shuka, Sunsuna Ki Damƙa

   

Tun da muka yi zancen shuka a tsakar gida wasiƙu suke ta iso mini, kuma kusan kukan duk iri ɗaya ne. Wannan ta ce kuɗin tararta ta dinga adanawa har ta sayi fulawa, ko sati biyu ba a yi ba ta bushe. Waccan amarya ce, ta jera tukwane a ƙofar ɗaki don ango ya shigo ya ga kore shar, sai ga na'a-na'ar ta yi ɗorawa kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Wata ma cewa ta yi wai ko hannunta ne ba shi da albarka. Haba ƙanwata! Hannunki lafiyarsa ƙalau, ki binciki ƙasar da aka sayar miki.

Kin ga shukar gona saiwarta yawo take yi, in nan babu abinci ta miƙa can. Ita kuwa ta tukunya a tsare take, abin da kika zuba mata shi ne cinta, shi ne shanta. Saboda haka dole ƙasar ta haɗa abu uku: ta zama da abinci, ta riƙe danshi, sannan ta bar ruwa da iska su wuce, don ita ma saiwa numfashi take yi, in ruwa ya kwanta mata sai ta ruɓe.

To, idan kin je wajen masu sayar da furanni da dashe, irin waɗanda suke jera baƙaƙen ledoji a bakin titi, kada ki tsaya daga nesa kina nuni da yatsa don kin sha lalle. Ki gaisa da mutumin cikin ladabi, ki ce, "Baba, don Allah a buɗe mini buhun in gani." Mai kaya na gari ba ya ƙin a duba kayansa. Wanda ya hau faɗa kuwa, ki yi masa sallama ki ƙara gaba.

Da farko ki sunsuna. Takin da ya nuna ƙanshinsa irin na ƙasa ne ranar da aka yi ruwan farko. In kika ji zarni ya daki hancinki, ko ɗoyi irin na kwata, to ɗanye ne, bai gama ruɓewa ba, kuma shi ne yake ƙone saiwa.

Na biyu ki cusa hannu can cikin tsibin, ba sama-sama ba. In da ɗumi a ciki, takin yana kan dahuwa, a bar shi tukuna. Nunanne sanyi gare shi, kuma ba za ki iya nuna wannan kashin akuya ne, wancan na saniya ne ba, duk sun narke sun zama gari.

Na uku ki ɗan yayyafa ruwa ki damƙi cikin hannu ki matse. Mai kyau za ta dunƙule, amma da kin taɓa ta da yatsa sai ta wargaje. In ta cure kamar tuwon jiya tana manne miki a tafi, laka ce, in ta bushe tsagewa za ta yi ta shaƙe shukar. In kuma ta zube ta ƙi haɗuwa sam, yashi ya yi yawa, ruwa ba zai zauna ba.

Na huɗu ki baza kaɗan a ƙasa ki tona. Kina neman gara, da gwazarma, da 'ya'yan ciyawar nan aya-aya wadda in ta shiga tukunya sai ta fi shukarki ƙiba. In kin ga fari-fari a saman ƙasar kamar an barbaɗa kanwa, gishiri ne ya yi yawa, ki bar musu abinsu.

Wani abin da yake ruɗar 'yan mata shi ne launi. Da an ga ƙasa baƙa wuluk sai a ce ai wannan ita ce. Ke dai ki bi a hankali, zaɓen ƙasa kamar zaɓen miji ne, ba a yinsa don kyan riga da zaƙin baki. Akwai baƙin da na laka ne aka kwaso daga kwata, akwai na ƙonanniyar bola. Gaskiya ne tun kaka da kakanni manoman kewayen birnin Kano suke ɗibar takin gari a mangala bisa jakuna suna kaiwa gona, amma bolar wancan zamani toka ce da shara da kashin dabbobi. Ta yau fa? Leda, fasassun kwalabe, matattun batura, har da allurai. In kin ga irin waɗannan a ciki, kada ki shuka abin da za a ci a kanta, ko kyauta aka ba ki.

Ki kuma tambaye shi kashin wace dabba ya sa, kuma yaushe aka tara shi. Na kaji ya fi kowanne zafi, shi ya fi bukatar a bar shi ya daɗe. Na shanu ya fi sauƙin kai. Wannan tambaya ba don shukar kaɗai ba ce, har da cikin mutanen gida, domin ɗanyen kashi yana ɗauke da ƙwayoyin cutar da suke sa gudawa da amai. A Amurka, ƙa'idar masu noma ba da takin zamani ba ita ce a bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin abin da yake taɓa ƙasa. To ina ga mu da za mu tsinko salak da lansir mu yi kwaɗo ba tare da sun ga wuta ba?

In kina da haƙuri, ga gwajin da ba ya ƙarya. Ki sayi kwano ɗaya tak, ki zuba a gwangwanin da kika huda gindinsa, ki shuka ƙwayar wake 10, ki dinga ba su ruwa. Cikin sati guda in yawancinsu sun fito kore suna miƙewa, koma ki sayi buhu. In sun ƙi fitowa, ko ganyen ya murɗe ya ƙone a baki-baki, kin tsira da kuɗinki.

Wadda kuma take son ta haɗa da kanta, ga awo mai sauƙi: kwano 2 na ƙasar gona, kwano 1 na yashin rafi, kwano 1 na ruɓaɓɓen taki, a cuɗa sosai. Alobera da zogale ba sa son ruwa ya kwanta musu, sai ki ƙara musu yashi. Na'a-na'a kuwa ƙawar danshi ce. Kowace tukunya ko bokiti dole a huda gindinsa. Takin zamani kuma, irin NPK ko yuriya, ba ya maye gurbin ƙasa mai kyau, kuma in ya yi yawa a tukunya ƙone shukar yake yi. In kin gama aiki ki wanke hannu da sabulu kafin ki shiga kicin.

'Yan makaranta, ku nemi izinin Umma kafin ku fita, ku tafi da yaya ko ƙani, ku kuma haɗa kuɗi ku biyu ko uku ku sayi buhu ɗaya ku raba, ya fi araha. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, in ba ku sami mai kyau yau ba, ku dawo da kuɗinku gida, gobe ma rana ce.

A fitowa ta gaba in Allah ya kai mu za mu duba yadda ake ban ruwa lokacin hunturu. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku. Allah ya albarkaci abin da muka shuka, ya ba 'yan matanmu mazaje na gari, amin.

Taku har kullum,
Antinku