Sanarwar Bayan Taron Masu Sauraron Rediyo na Rogo Sabon Gari

A ranar Asabar da ta gabata, bayan sallar La'asar, 'yan ƙungiyarmu ta masu sauraron rediyo suka zauna a Rogo Sabon Gari tare da 'yan'uwa da suka zo daga Karaye, domin duba ƙarfin aikin jarida a kan al'ummarmu da kuma wuraren da yake bauɗewa.

Taro ya fara da yabawa. Tun da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta, Bahaushe ya gane cewa jarida tana kai kukan talaka inda ƙafarsa ba ta isa ba. A wannan yanki rediyo ce ta gaji aikin. Tana rataye a wuyan manomi, tana teburin mai shayi, tana tsakar gida wajen iyayenmu mata. Dattawanmu sun taso da Rediyon Kaduna da sashen Hausa na BBC, wanda ya fara a 1957, kuma tun da Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003 talaka ya samu bakin tambayar shugabansa. A wurin mutanenmu, "a rediyo na ji" hujja ce da ke kashe gardama.

Wannan yardar ce ta sa taro ya daɗe a kan sojojin baka. Ana sayen fili, a zaunar da mutum gaban makirufo ya yi ta yagar mutuncin wani da sunan siyasa, babu hujja, ba a kuma nemi jin ta bakin wanda ake zagi ba. A birni ake furta maganar, amma a majalisunmu ake gaba a kanta, har maƙwabta su daina gaisawa. Mahalarta sun tuna Fabrairun 2013, lokacin da aka harbe ma'aikatan rigakafin shan-inna tara a Kano, kwanaki kaɗan bayan wani shiri na gidan rediyon Wazobia ya soki rigakafin. An gurfanar da ma'aikatan gidan a kotu, hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo ta dakatar da lasisinsa. Taro bai ɗora wa shirin jinin waɗanda aka kashe ba, amma ya ce duk mai riƙe da makirufo ya san irin ƙaiƙayin da ke gefen wutarsa.

Duk da haka, taro bai gamsu da hana shirye-shiryen siyasa na kai tsaye ba, kamar yadda gwamnatin Kano ta sanar a Mayun 2025. Sashe na 22 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa 'yan jarida bin diddigin gwamnati. Wanda ya yi ƙazafi a kai shi kotu, a bar sauran su yi aikinsu.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne, ba a cika jin sunan Rogo ko Karaye ba sai in an yi hatsari ko wani babba ya kawo ziyara. Tsadar taki, lalacewar hanya, halin makarantunmu da asibitocinmu, duk shiru, domin wakili ba ya zuwa sai an ba shi kuɗin mota.

Saboda haka taro yana kira ga gidajen rediyo su riƙa turo wakilai ƙauyukanmu, su biya ma'aikatansu albashin da zai raba su da karɓar na goro, su kuma gyara kuskure a filin da aka yi shi. Mu ma mun ɗaukar wa kanmu alkawari: babu ɗan ƙungiya da zai tura labarin WhatsApp ko Facebook, musamman na tsaro, sai ya tabbatar da tushensa.

An naɗa mutum uku su kai wannan takarda gidajen rediyon Kano, su kawo rahoto a zama na gaba.

Sa hannun Shugaba da Sakatare, a madadin ƙungiya.