Waiwaye: Yadda Sri Lanka Ta Koyi Neman Maleriya a Jinin Masu Lafiya

A shekarar 1963, mutum 17 kacal aka samu da zazzaɓin cizon sauro a duk faɗin tsibirin Sri Lanka. Hukuma ta ɗauka an gama, aka dakatar da feshin maganin sauro na DDT. Ashe an kashe maciji ne ba a sare kansa ba, domin a 1969 waɗanda cutar ta kama sun haura rabin miliyan. Sai a 2012 aka katse yaɗuwarta a cikin gida, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba ƙasar shaidar kawar da cutar a 2016.

Sauron dai yana nan bai ƙaura ba, jini mai ƙwayar cutar kawai yake jira. Jinin kuwa ta filin jirgi yake shigowa, sau da yawa a jikin mutumin da yake garau. Wanda ya tashi inda maleriya ta yi katutu, jikinsa kan saba da ita, ya yi watanni da ƙwayar babu ko ciwon kai. Sauro ya cije shi, ya je ya ciji wanda ba shi da wannan garkuwa.

Shi ya sa ma'aikatan lafiyar ƙasar ba sa jiran asibiti ya kawo musu labari. Suna gwada sojojin da suka dawo aikin kiyaye zaman lafiya a Afirka, da masu neman mafaka, da leburori baƙi. Gwaji ɗaya ba ya wadatarwa: gwajin gaggawa kan kasa gano ƙwayar idan ba ta da yawa, nau'in ƙwayar da ake kira vivax kuma a hanta yake ɓuya, ya farka bayan watanni, don haka sai an riƙa bibiya. Ko a 2018, wani ɗan ƙasar ya ɗauki cutar daga wani lebura ɗan Indiya a gundumar Monaragala, amma aka tare ta tun ba ta yi nisa ba.

Maganar ta shafe mu. Aljeriya ta samu irin wannan shaida a 2019, ga kuma 'yan ci-raninmu suna ta bin hanyar Agadas zuwa Tamanrasat da ke can Aljeriya. Ni dai ban ga aibu ba idan an gwada jininsu. Sai dai a yi shi kyauta, a ba da magani nan take, kada kuma a haɗa shi da binciken takardu. Baƙon da ya san daga ɗakin gwaji motar kora zai faɗa, ba zai taɓa miƙa yatsarsa ba.