Daga Teburin Edita: Tsohon Sojan Da Ya Share Daji

A wannan fitowa za mu kai ku Afirka ta Kudu, mu duba rayuwar wani ɗan mazan jiya wanda ya ajiye kakin soja ya zama mai tsaron gandun namun daji. Mun zaɓe shi ne domin aikinsa ya haɗa abin yabo da abin kuka wuri ɗaya, kuma mu a ganinmu bai kamata a faɗi ɗaya a rufe ɗaya ba.

Sunansa James Stevenson-Hamilton. An haife shi a birnin Dublin a 1867, ya yi makarantar hafsoshi ta Sandhurst a Ingila, ya shiga rundunar sojan doki ta Birtaniya. Ya yi Yaƙin Boer na 1899 zuwa 1902, wato yaƙin da Ingilishi suka gwabza da Turawan da suka daɗe da zama a Afirka ta Kudu. Da yaƙi ya ƙare a 1902, sai aka naɗa shi shugaban masu tsaron gandun Sabi, wani daji mai zafi da sauro a gabashin Transvaal, kusa da iyakar Mozambik.

Dajin da ya tarar ya kusa zama kango. Annobar bushiya ta 1896 ta kashe shanu da ɓauna ba adadi, maharba masu neman haure da fata sun yi ɓarna shekara da shekaru, sojojin yaƙi kuma sun cinye ragowar. Giwa ta zama abin labari a wurin. Shugaba Paul Kruger ya riga ya keɓe dajin tun 1898, amma doka ce a takarda kawai, babu mai tsaronta.

A nan ne horon soja ya yi rana. Ya raba dajin shiyya-shiyya, ya sa mutum a kan kowace, ya kafa sintiri a ƙafa da kan doki. Cikin waɗanda ya ɗauka har da wani tsohon soja, Harry Wolhuter, wanda ya yi suna saboda ya kashe zakin da ke jan sa a ƙasa da wuƙa kawai. Stevenson-Hamilton bai ji tsoron 'yan'uwansa Turawa ba, ya kai maharbansu gaban alƙali, ya kuma yi ta fama da manoma da masu neman ma'adinai da suke so a soke gandun a raba musu. Da aka fara Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914 ya koma soja, bayan haka ya yi aiki a Sudan, sannan ya dawo dajinsa. A 1926 aka haɗa gandun Sabi da na Shingwedzi aka kafa Gandun Ƙasa na Kruger, wanda faɗinsa a yau ya kai murabba'in kilomita wajen 19,500. Ya yi ritaya a 1946, shekara 44 bayan zuwansa, ya rasu a 1957. Giwaye da zakuna da raƙuman dawa da mutane ke zuwa kallo daga ko'ina a duniya, haƙurinsa na cikin abin da ya sa suka tsira. Wannan yabo ne da ya cancanta, ba mu rage masa ko kaɗan.

To, amma akwai ɗaya gefen. Mutanen Tsonga da ke zaune a yankin sun laƙaba masa suna Skukuza, ma'ana mai sharewa ƙarƙaf, ko mai juya kome a birkice. Dalilin sunan kuwa shi ne, a shekarunsa na farko ya tashi iyalai masu yawa daga ƙauyukan da suka gada, domin a bar wa dabbobi fili. Daga baya an sassauta, aka bar wasu su zauna bisa sharaɗin biyan haya ko yi wa gandun aiki, amma an hana su farautar da suka tashi suka ga iyayensu na yi. Baƙaƙen masu sintiri da suka sha rana suka fuskanci zaki da maharba, sunayen yawancinsu ba su shiga littafi ba. A 1936 aka sa wa babban sansanin gandun suna Skukuza don girmama shi, har yau kuwa haka ake kiransa. Baƙo yana jin sunan ya ɗauka kirari ne, jikan wanda aka tasa kuwa ya san abin da tsintsiyar ta share.

Hanyar da aka buɗe a lokacinsa ba ta rufe da tafiyarsa ba. A 1969 gwamnatin wariyar launin fata ta kwashe al'ummar Makuleke da ƙarfin bindiga daga ƙasarsu da ke tsakanin kogin Limpopo da na Luvuvhu, aka haɗa ta da gandun. Sai bayan faɗuwar wariya, a ƙarƙashin dokar mayar da filaye ta 1994, suka shigar da kukansu, a 1998 aka mayar musu da mallakar ƙasar. Ku lura da abin da suka yi. Ba su kori dabbobin ba, ba su sare dajin ba. Sun yarda ƙasar ta ci gaba da zama gandu, suna da hannu a gudanar da ita, suna kuma samun rabo daga masaukan baƙi da aka gina a ciki. Ashe mutanen da aka ɗauka abokan gaban daji ne, da aka ba su haƙƙinsu sai suka zama masu tsaronsa.

Ra'ayinmu a nan shi ne, Stevenson-Hamilton ya nuna cewa hannun da ya saba da bindiga yana iya koyon kare rai, kuma tsohon soja ba kayan jefarwa ba ne in an ba shi amana. Kuskurensa shi ne ya ɗauka aikin kirki yana ba mutum izinin taka marar ƙarfi ba tare da an tambaye shi ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma faɗin wannan kuskure ba zagin mamaci ba ne.

Saboda haka muna roƙon dattawa, da duk wanda aka ba riƙon wani abu na jama'a, fili ne ko rijiya ko makaranta, kafin ya ɗauki tsintsiya ya fara duba wa ke zaune a wurin, ya kira shi a zauna a yi shawara. Mutanen Makuleke sun jira shekara 29 kafin a saurare su. Kada mu bari wani ya yi irin wannan jira a hannunmu.

Allah ya ba mu kunnen ji.

Edita