Ra'ayinmu: A duba taswira kafin a ɗauki diga

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin ramin zinariya a Anka ko Maru ya san yadda ake zaɓar wuri: wani ya taki sa'a, labari ya bazu, kafin mako an huhhuda daji da diga da shebur. Yawancin ramukan ƙasa kawai suke fitarwa.

Alhali zinariya ba ta kwanta barkatai. A zamanin da duwatsun yankin nan ke tsagewa, ruwan zafi mai ɗauke da ma'adinai ya bi tsagogin, ya daskare ya zama jijiyoyin farin dutse. Shi ya sa Anka da Bin Yauri da Birnin Gwari suke kusa da manyan tsagogi biyu, wadda ta bi Anka zuwa Yauri da wadda ta bi Kalangai zuwa Zungeru. Hoton tauraron ɗan Adam da awon maganaɗisu daga jirgin sama, irin wanda hukumar binciken ƙasa ta Najeriya (NGSA) ta sa aka yi tsakanin 2003 da 2010, suna fito da tsagogin nan a matsayin layuka. Kwamfuta sai ta auna tazarar kowane sanannen rami daga layi, ta duba inda layuka suka cunkushe ko suka gitta juna, ta ware ɗan fili daga makeken daji.

Masu shakka suna da gaskiyarsu. Wani layin a hoto gwadabe ne kawai. Lissafin kuma daga tsofaffin ramuka yake koyo, mutane kuwa sun fi haƙa kusa da ƙauye, don haka yakan mayar da mai bincike inda ya fito. Ga fargabar taswira ta faɗa hannun 'yan bindiga.

Duk da haka mun goyi bayan hanyar, musamman yanzu da aka ɗage haramcin haƙa a Zamfara a Disamban 2024, bayan sama da shekara biyar. Sharaɗinmu: kada a karɓi kuɗin mai zuba jari da taswira kaɗai, sai an ɗebi samfuri an yi haƙar gwaji. Kowane samfuri kuma a auna dalmar cikinsa. A 2010 dalmar dutsen da ake dakawa a tsakar gida a Dareta da Yargalma da maƙwabtansu ta kashe yara sama da 400. A kai sakamakon awon ga ƙungiyoyin ƙananan mahaƙa da masu unguwanni, da Hausa, kafin a sara ƙasa.