Masu ɗaukar hoton taurari ba ƴan zaman banza ba ne

Akwai wasu mutane a duniya masu wani aikin dare wanda ba ya kawo musu ko dala. In duhu ya yi, sai su fito tsakar gida ko su hau soro, su kafa madubin hangen nesa, su ɗaura masa na'urar hoto, su kwana suna ɗaukar hoton sama. Ba wanda ke biyan su. Da rana kowa da sana'arsa. Wani zai ce wannan wasan ƙoshi ne. Ni kam ban yarda ba.

Mu fara sanin abin da suke ɗauka. Taurari ba a warwatse suke ba kamar tsabar da aka watsa wa kaji. Garke-garke suke. Ranarmu tauraro ce, tana cikin wani garke mai taurari fiye da miliyan dubu 100. Farin zanen nan mai kama da hayaƙi da ke ratsa sama in dare ya yi tsaf, shi ne garkenmu. Bayan shi akwai wasu garkuna barkatai. Babban da ya fi kusa da mu, Andromeda ake ce masa. Kusan fa sai a baki! Haske yana gudun kilomita dubu 300 cikin sakan guda. Daga rana zuwa nan, minti 8 yake yi. Daga Andromeda kuwa, shekara miliyan 2 da rabi.

Shi ya sa kada a haɗa wannan aiki da duba. Mai duba cewa yake yi zai faɗa maka gobe. Su waɗannan, abin da ya daɗe da wucewa suke gani, domin hasken ya tsufa bisa hanya.

Hasken da ya yi irin wannan tafiya, a raunane yake isowa. Ido ba ya iya tara shi, amma na'urar hoto tana iyawa. Kamar yayyafi ne: in ka miƙa hannu ba ka samun na sha, in ka aje kwano ya kwana, da safe ka tarar da ruwa. Haka mai hoto yake barin na'ura a buɗe tana tara haske. Ga wata wahala kuma: duniya juyawa take, taurari suna gusawa yamma. Dole madubin ya bi su sannu a hankali, in ba haka ba hoton ya ɓaci. Yau akan ɗauki hotuna da yawa, kwamfuta ta haɗa su wuri guda. Hoto ɗaya yakan ci dare da dama. Rago ba ya wannan aiki.

To, me aka samu? Ga misali. A ƙasar Ingila an yi wani ɗan kwangilar gini, Isaac Roberts. Ya kafa madubi a gidansa kusa da birnin Libaful. A 1888 ya bar na'ura a buɗe awa 4 tana kallon Andromeda. Hoton ya nuna abin a naɗe yake kamar faifai, abin da ido bai gane ba. Sai a 1923 wani masani na Amurka, Edwin Hubble, ya samu shaidar cewa garke ne dabam, can wajen namu.

Wanda ya fi burge ni shi ne Victor Buso, mai gyaran makulli a birnin Rosariyo na ƙasar Ajantina. Ran 20 ga Satumba 2016 ya hau saman gidansa don ya gwada sabuwar na'urar hoto. Ya auna wani garke mai nisa, yana ta ɗauka. Can sai ya ga wani ɗigon haske ya bayyana inda da babu komi. Ashe wani ƙaton tauraro ne ya fashe! Masana sun daɗe suna neman hoton farkon irin wannan fashewa, ba su dace ba. Mai makulli ya riga su. Dalili kuwa, sama faɗi gare ta, manyan madubai kaɗan ne, kuma layi ake bi kafin a yi aiki da su. Mai madubi a gida ba ya jiran kowa. A Japan ma akwai Koichi Itagaki, wanda ya yi sana'ar sarrafa gyaɗa. Ya gano taurarin da suka fashe fiye da 100, har da wani a watan Mayu 2023.

Gaskiya ne kayan da tsada. Ba zan ce wa mai neman hatsin gobe ya sayi madubi ba. Amma akwai abin da kuɗi ba su saya, shi ne duhu. Wani bincike na 2016 ya nuna mutum ɗaya cikin uku a duniya ba ya ganin farin zanen nan daga inda yake zaune, saboda fitilun birni sun dushe sama. A Turai, 6 ne cikin 10. Maƙwabciyarmu Cadi kuwa tana cikin ƙasashen da samansu ya fi tsabta. Abin da Bature yake tuƙa mota yana nema, ga shi bisa kan mutumin ƙauye kowane dare.

Mu da muka san Zara da Kaza da ƴaƴanta, ba baƙin sama ba ne. Andromeda ma ana ganin sa da ido. Tun shekarar 964 wani masani mutumin Farisa, Abdurrahman al-Sufi, ya rubuta shi cikin littafinsa na taurari, ya kwatanta shi da ɗan gajimare. Ba shi da madubi, ba shi da na'ura.

In kana so ka gani, ka bari sai kaka, watan Oktoba ko Nuwamba, kafin hazo ya sauka. Ka zaɓi daren da babu farin wata. Bayan lisha ka yi nesa da wuta, ka kashe cocila, ka ba idonka kamar minti 20 ya saba da duhu. Ka fuskanci arewa, ka ɗaga kai sosai. Akwai taurari 5 masu haske da suka yi kamar harafin M ko W. Sama da su kaɗan za ka ga wani fari-fari, kamar an shafa toka da yatsa. Ka kira yara su ma su gani.